Zanen da ban miƙa masa ba

Ɗan ƙanena ya kai shekara shida bai taɓa furta kalma ɗaya ba. Ba kurma ba ne, don idan jaki ya yi kuka a bayan gida sai ya toshe kunnuwa ya yi ta ihu. Ba ya kallon mutum a ido. Yini yake yana zagaya turmi yana karkaɗa hannuwa, in an hana shi ya yi ta buga goshi a bango har sai ya fashe. Ni lokacin mijina ya rasu, na dawo gidanmu a Madarunfa ina sana'ar ƙuli-ƙuli, kuma gaskiya ba na son yaron. Sau biyu yana kifar mini da man gyaɗa. Uwarsa ma ba ta kwanta mini ba. Ta yi lakwal, wato makarantar boko, kuma duk maganin da na kawo sai ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta ajiye a bayan randa.

Ita ta kai shi asibiti Maraɗi. Ta dawo da wani suna na Faransanci, otisim, ba allura ba ƙwaya. Wai likita ta ce a riƙa motsa masa jiki kullum, tafiya da gudu, da wasan ruwa in yana so, a lokaci ɗaya kuma ta hanya ɗaya. Na yi dariya har da riƙe ciki. Yaron da bai san zama ba, shi za a ƙara wa motsi?

Uwar kuwa ta bi maganar likita. Kowace safiya in ta gama shara sai ta ɗauko wani tsohon zane shuɗi, ta riƙe baki ɗaya, shi ya riƙe ɗayan, don ba ya yarda a kama masa hannu. Haka za su tafi har bakin tabki, gindin wata tsamiya inda ruwa ba zurfi. Ya shiga ya yi ta facal-facal. In ya gaji ya fito da kansa, ya tsaya gindin tsamiyar, ya ɗaga hannuwa sama, ita kuma ta naɗe shi da zanen ta matse. A duk yini, nan kaɗai yake bari a rungume shi.

Kafin kaka goshinsa ya warke. Ya fara barci, ya fara cin tuwo da hannunsa. Na ga wannan da idona, ba zan ce ban gani ba.

Mata masu wanki su ma sun ga nasu. Yaron da bai taɓa yi wa mutum murmushi ba, ga shi a ruwa yana ƙyalƙyala dariya shi kaɗai. Da wa yake dariya? Aka fara cewa ɗan ruwa ne, wato mutanen ruwa sun ɗauke jaririn gaskiya sun ajiye nasu. Ni na kwaso maganar na kawo wa Inna, mahaifiyarmu, na kuma ƙara mata gishiri. Inna ta aika aka kira wata tsohuwa daga wajen Safo da aka ce ta san kan irin waɗannan yara.

Tsohuwar ta ce abin ba wuya. “A kai shi bakin ruwa a aje, a ɓoye. Ɗan mutum waiwaye shike yi shi nemi nashi. Ɗan ruwa wucewa shike yi wurin danginai.”

Muka jira ranar da uwar za ta garin Gabi bikin suna a gidan ƙanwarta. Da sassafe, kafin ta hau mota, ta zo ƙofar ɗakina da zanen a hannu.

“Yaya, don Allah ki kai min shi tabki, kar shi rasa na yau. In ya hito shina tsayawa gindin tsamiya, sai ki naɗe shi da ƙarhi.”

Na ce ta tafi abinta, babu komai.

Da zanen na ja shi, Inna da tsohuwar suna biye. A gindin tsamiya na fizge bakin da yake riƙe, muka laɓe bayan wasu ƙayoyi. Me zai yi? Abin da aka yi wata da watanni ana koya masa. Ya nufi ruwa kai tsaye, ko waiwaye bai yi ba. Inna ta fara salati tana hawaye. Tsohuwar ta ce mu juya mu tafi, kada wadda ta kalli baya.

Ni na kalla. Na ce musu ƙaya ta soke ni, na tsuguna har suka yi nisa. Ina nan ya gama wasansa, ya fito, ya tako zuwa gindin tsamiyar yana rawar sanyi, ya ɗaga hannuwa sama. Babu ɗan ruwa a wurin, yaro ne tsirara yana jiran a rufe shi, kuma zanen yana kafaɗata. Taku ashirin bai kai ba tsakaninmu. Amma ni na kawo maganar gida, ni na yi ta rantsuwa a kanta. In na koma da shi naɗe a zane, da wane ido zan kalli Inna? Me zan ce wa wadda ta yi lakwal? Na tashi na bi bayansu.

Wani masunci ya kawo shi bayan azahar, a kafaɗa, yana ta fizge-fizge. Leɓunansa sun tsage, ƙafafunsa duk cizon tururuwa. Mutumin ya ce tun hantsi yake hango shi a wuri ɗaya, ya sauke hannuwa ya sake ɗagawa.

Tsohuwar ba ta ji kunya ba. Ta ce danginsa ne suka maido shi don lokaci bai yi ba, kuma in aka bari ya ci gaba da zuwa wurinsu, wata rana zai ja wani ɗan gidan su tafi tare. Ƙanena ya dawo daga kasuwar Jibiya da la'asar ya tarar da gida cike. Ni ya tambaya, don ni ce babba.

“Yaya, da gaske ya shiga bai waiwaya ba?”

Na ce da gaske. Ban yi ƙarya ba, kuma ban ƙara komai ba.

Ya rantse yaron ya bar tabki ke nan. Da yake kowace safiya sai ya nufi ƙofa, aka kafa turke kusa da na awaki, aka ɗaura masa igiya a ƙafa. Cikin sati biyu goshin ya sake fashewa. Uwar ta yi kuka, ta yi roƙo, ta ce a kira likitar a waya a ji daga bakinta. Ƙanena ya ce in ta sake ambaton ruwa ta kwashe kayanta, yaro kuwa nasa ne, ba inda za shi. Ta zauna. Takan ɗebo ruwa a bokiti ta ajiye masa, ya tsoma hannu ya yi shiru, har Inna ta hana wannan ma.

Bayan kwana uku da abin da ya faru a tabki, na kai wa uwar zanen na wanke na ninke. Tana zaune kusa da turken tana tsince wake. Ba ta ɗago ba.

“Na san ya hito, Yaya, kullum hitowa shike yi. Kina wurin?”

Na miƙa mata zanen.

“To riƙe shi. Ke na ba.”

Yanzu ya fi uwarsa tsawo, igiyar ta koma sarƙa. Ɗakina yana kallon turken. Kowace safiya, daidai lokacin da suke isa tsamiya a da, yakan miƙe ya je iyakar inda sarƙar ta kai, ya ɗaga hannuwa sama. Uwarsa ta gwada zannuwanta duka, ya ture su. Sau ɗaya na ciro shuɗin daga ƙasan akwatina na nufe shi. Da ya ga a hannun wa yake, sai ya sauke hannuwansa ya juya mini baya.