Mai Share Gaban Rumbu

Dawuda na Kafin Soli manomin gero ne, amma a garin da zargi aka fi saninsa. Kullum da la'asar sai ya share gaban rumbunsa tas, da safe ya tsuguna yana duba ko akwai sawun wani. Ba ya cin abincin gidan kowa, ko da na suna ne.

Abin ya faro ne tun yana saurayi, ranar da aka kawo majigi Kankia. Fim ne marar kala, na wani gida da ake ta tsintar gawa ana cewa fatalwa ce, ɗan sandan ciki kuma yana bin sawu cikin lambu. Ana gab da tona asiri injin ya mutu. Dawuda ya koma gida da hukuncinsa: kukun gidan ne, mai dafa musu abinci, guba yake zubawa. Shekara arba'in bai sauka daga kan wannan magana ba.

Bana 'yarsa Kamila ta yi ta cigiya har aka tura mata fim ɗin a waya. Ta dama masa fura, ta zauna gefensa.

"Baba, yau dai hankalinka zai kwanta."

Ya kalla har ƙarshe. Ashe kuku ba ruwansa. 'Yar maigidan ce ke lulluɓa da farin mayafi kamar fatalwa, ita ce kuma mai kai wa ubanta abin sha.

Dawuda ya dubi Kamila, ya dubi ƙwaryar furar. A hankali ya tura mata ludayin.

"Fara sha," ya ce.