Gammo a ƙarƙashin kwamfuta

'Yan uwa, yau gammo ya yi aikin injiniya!

Kun san zafin bazarar bana a Gummi. Ɗiyata Hadiza mai haɗa bidiyon biki ta harhaɗa kwamfuta mai sanyaya kanta da ruwa. Amma ƙara! Famfon cikinta sai ziiii, tebur na rawa.

Malam, babanta, ya ce, "Ko na'urar ga ta yi shiru, ko ta bar gidan."

Ga aikin biki jibi! Hadiza har da hawaye.

Na ɗora hannu bisa na'urar, na ji kyarmar. Na ce, "Ɗaga ta." Na naɗe tsohon zanena, na sa ƙarƙashinta kamar gammon tulu.

Shiru!

Malam ya leƙo. "Kun kashe ta?"

Hadiza ta ce, "Baba, aiki take! Inna ta yi mata gammo!"

Ya yi dariya. "To, ta zauna."