Ƙanƙarar Mai Zoɓo

Shekara biyu fatar idona ta hagu tana saukowa da kanta. Da safe garau nake, amma kafin la'asar idon ya rufe rabi, ko tuwo sai na huta nake ƙarasa taunawa. A shagona na ɗinki a Azare, wata mata ta kwashe atamfarta ta fice, wai ido nake kashe mata.

Kowa ya zama likita. Mai kemis ya ce taifot ne, har sau huɗu ina shanye maganinsa. Matata kuwa ta gano cewa ciwon ba ya tashi sai an ce in ɗebo ruwa.

Daga ƙarshe wata likita ta saurare ni har na gama. Ta aika aka sayo ƙanƙara wurin mai zoɓo, ta ɗora mini a ido na ɗan lokaci. Tana ɗaukewa idon ya buɗe tar.

Ta ce, "Malam, garkuwar jikinka ce ke tare saƙo tsakanin jijiya da tsoka. Ba kasafai ake ganin irinsa ba. Za mu tabbatar da gwajin jini, kuma akwai magani."

Na kasa riƙe hawaye. Yanzu ina shan ƙwayoyin, na koma kan kekena.

Kawuna da ya taso daga Katagum ya rako ni ne kawai bai gamsu ba. A hanya ya ce, "Duk wannan karatun nata, ƙanƙara? Da ka yi magana, ai da a gida mun gama."