Kilo ɗaya na shinkafa mai ƙara jini

Na yi shekaru ina karanta labarai a gidan rediyo kafin mu taso zuwa Jidda, kuma na sha yin tuntuɓen harshe a kan aiki, a yi mini dariya a wuce. Amma kuskuren da har gobe ba zai fita daga raina ba, ban yi shi a gaban makirufo ba. A falon wata tsohuwa na yi shi, a unguwar Hindawiyya, ina riƙe da kofin shayi.

Maigidana masanin tsirrai ne. Kwantiragi ya kawo shi wata cibiyar bincike, ni kuma na biyo shi a kan iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, muka kama gida a Madain Fahd. Aikinsu a kan shinkafa ne: suna sauya ƙwayoyin halittarta domin ta riƙa tara sinadarin ƙarfe, wato sinadarin da jiki ke haɗa jini da shi. Kullum ya dawo sai ya ba ni labarin tsirransa kamar mai ba da labarin 'ya'ya. Wannan ta fitar da kai, waccan ta ƙi.

Tsohuwar kuwa a Jidda aka haife ta. Kakanninta ne suka zo aikin hajji a ƙafa, suka zauna. Tana sayar da kuka da daddawa da yaji a gida, kuma ta nan muka saba. Khala nake ce mata, kamar yadda kowa yake kiranta. Hausarta tsohuwa ce mai daɗi, sai dai ba ta yin nisa ba tare da Larabci ya shigo ciki ba. Tana da 'yar auta da ta dawo gida goyon ciki, wata shida ko bakwai a lokacin. Yarinyar tana jin Hausa sarai, amma in za ta mayar da amsa sai ta koma Larabci. Na lura tafin hannunta fari fat ne, kuma in ta hau bene sai ta tsaya tana haki. A wurin awo an ce mata jininta ya yi ƙasa, an ba ta ƙwayoyi. Ba ta son su ko kaɗan, don suna tayar mata da zuciya, suna ɗaure mata ciki.

Matan da ke taruwa a gidan bayan la'asar sun gano tsohuwar sana'ata, sai ya zama abin wasa. "Yalla, a karanto mana labaran duniya!" Ni kuma in gyara zama, in sauya murya, in mayar da ƙananan abubuwan unguwa kanun labarai, su yi ta dariya. Ranar nan labari ya ƙare mini, sai na ɗauko na maigidana. Na ce, da muryar nan ta rediyo: "Masu bincike a nan ƙasar sun samar da wata shinkafa mai ƙara jini."

Aka yi shewa. Wata ta ce to ai kabsa, dafa-dukar shinkafarsu, ta zama magani ke nan, a ƙara mata faranti. Khala ba ta yi dariya ba. Ta dube ni ta ce, "Ya binti, mijinki ne ya yi ta?" Na ce shi da abokan aikinsa. Ta ce masha Allah, ta ci gaba da ƙulla yajinta.

Sun samar. Na san bambancin wannan da "suna ƙoƙarin samarwa" fiye da kowa a falon nan, domin abincina na ci da shi. Amma na farkon ya fi daɗi a baki, ya fi kama da kanun labari, kuma a ganina wasa muke yi.

Bayan kamar mako uku, ranar wata Asabar da hantsi, aka ƙwanƙwasa mana ƙofa. Khala ce, ita kaɗai, ta sha sabuwar abaya. Ba ta taɓa zuwa gidanmu ba, kuma ƙafafunta ba sa son tafiya. Ta kawo mana daddawa mai yawa, ta gaisa da maigidana, ta sha ruwa, ta yi ta kewaye-kewaye. Can sai ta zaro wata 'yar jakar yadi da ta ɗinka da hannunta, ta shimfiɗa ta a cinya.

"Duktur, kilo ɗaya kawai. Ba don ni ba, don yarinyar nan."

Maigidana ya dube ni, bai gane ba. Ni kuwa nan take na gane.

"Kilo ɗaya na me, Hajiya?"

"Ruz ɗin nan naka mai ƙara jini. Na so in zo tun tuni, kunya ta hana ni. Ita ma tun ranar da ta ji ta ajiye ƙwayoyin, ta ce halas, za ta jira shinkafar duktur."

Na tambaye ta, da ƙyar, ko tun ranar nan take nufi. Ta ce tun ranar. Mako uku mace mai tsohon ciki ba ta sha maganinta ba, saboda jimla ɗaya da na ƙawata.

Maigidana mutum ne mai saurin faɗa in an taɓa aikinsa, na zaci zai juyo kaina. Bai yi ba. Ya sauko daga kujera ya zauna a ƙasa kusa da ita, ya ce, "Hajiya, wallahi da akwai, da buhu zan kai miki da kaina. Shinkafar nan tana cikin tukwane ne a ɗakin gilashi. Duk abin da muka girbe bai cika tafin hannunki biyu ba, kuma ko ni ban taɓa sa ƙwaya ɗaya a baki ba."

"Kafili ne ya hana, wanda kake aiki a ƙarƙashinsa?"

"Ba kafili ba ne. Sai an gwada ta shekara da shekaru, an tabbatar ba ta cutar da kowa, kafin a bari ta shiga tukunya."

Ta riƙa murza bakin jakar. Sai ya ce in kawo masa shinkafa daga kicin. Ya ɗora ƙwaya ɗaya a tafin hannunta, ya nuna mata. Ya ce Allah ya sa wa shinkafa sinadarin nan, amma yawancinsa a jikin dusa yake, injin casa kuma sai ya kankare dusar ya bar mana farin. Abin da suke yi shi ne, sun ɗauko wata ƙwayar halitta daga wake, wadda ke gina ɗan rumbun ajiyar sinadarin, sun sa wa shinkafar domin ta riƙa ajiye shi can cikin farin, inda casa ba ta kai wa.

Khala ta ɗaga ƙwayar ta duba ta sosai. "Daga wake?"

"Daga wake."

"Ashe duk karatun nan, garau-garau kuke dafawa tun daga gona!"

Maigidana ya yi dariya har da ƙwalla. Ni ma na yi, amma tawa ba ta yi nisa ba. Da dariyar ta lafa, ya faɗa mata abin da ya fi muhimmanci, a hankali, sau biyu. Ya ce ko da shinkafar ta fito kasuwa, aikinta shi ne ta taimaka kada jini ya yi ƙasa tun farko. Wadda jininta ya riga ya yi ƙasa, ga ciki, likita ne nata. Ya ce shi likitan tsirrai ne, kada a bari a kwana ba a kai ta asibiti ba.

Tare muka koma Hindawiyya a motarsa. Na tarar da yarinyar a kwance, ta jingina da matashi, leɓɓanta sun yi fari. Na zauna a bakin gadon na ce mata, "Ƙanwata, abin da na faɗa ranar nan ba haka yake ba. Shinkafar ba ta samu ba tukuna. Ni na yi kuskure, ki yafe mini."

Ta daɗe tana kallona. Sai ta tattaro 'yar Hausarta, abin da ba ta saba yi ba, ta ce, "Ni na sani... wataƙila ba gaskiya. Amma ƙwaya wahala. Na so ya zama gaskiya."

Na riƙe hannunta.

A asibiti aka auna, aka ce jinin ya ƙara sauka, har ƙwaya ba za ta yi saurin da ake buƙata ba. Ta jijiya aka ba ta maganin, zuwa bayan zuwa. Ni nake raka ta, domin Khala ba ta iya dogon zama a kujerun nan. Likitar ta kuma ce a daina ba ta shayi da zarar ta gama cin abinci, domin yana hana jiki ɗaukar sinadarin, a ƙara mata hanta da wake da ganye, a matsa lemon tsami. Maganar shayin ce ta fi yi wa Khala ciwo. Ta ce a garin nan, a ci abinci ba shayi, ai zalunci ne. Amma ita da kanta ta riƙa ɓoye butar.

Kwanakin nan ban yi barci mai daɗi ba. Duk lokacin da waya ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Allah cikin ikonsa, kafin watan haihuwa jinin ya hau, ta sauka lafiya, ta sami 'ya mace. Ranar suna Khala ta damƙa mini jaririyar, ta ce wa maigidana, "Duktur, ka yi sauri da garau-garau ɗinka. Wannan ma wata rana za ta yi ciki." Ya ce in sha Allah, Hajiya. Har yau da nake wannan rubutu shinkafar tasu tana matakin gwaji, jaririyar nan kuwa har ta shiga makaranta.

A gidan rediyo an koya mana yin taka-tsantsan da mummunan labari: kada a ce mutum ya rasu sai an tabbatar, kada a ƙara yawan waɗanda suka jikkata. Ba wanda ya ja mini kunne a kan labari mai daɗi, kuma ban taɓa tunanin yana iya cutarwa ba. Yanzu na san ya fi buƙatar a auna shi, domin mai jin tsoro yakan tambaya, amma mai fata ba ya tambaya, ajiye abin da ke hannunsa yake yi ya zauna jira. Tun daga lokacin, in abu bai samu ba tukuna, sai na faɗi "tukuna" ɗin da ƙarfi, yadda wanda ke can ƙarshen ɗaki ma zai ji.