Na Kai wa Gwaggo Muryar Ƙanenta a Doguwa

Da sunan Allah na bar gida a Bebeji ranar Talata, ƙarfe shida saura kwata, bayan sallar asuba. A aljihun gaban rigata akwai 'yar rediyo mai cin memori, a wuyana kuma hedifon, abin sauraron nan da ake kifawa a kunnuwa. Cikin memorin akwai muryar mahaifina, Malam Idi, Allah ya jiƙansa, yana rera waƙar da ya rubuta da ajami a kan tsohon garinmu da ruwan Tiga ya cinye. Daga wani tsohon kaset aka juyo mini ita. Yayarsa, Gwaggo Hajara, tana Doguwa, kunnenta ya yi nauyi, kuma ta aiko tana so ta ji muryar ƙanenta tun tana da sauran ji.

Kwanar Ɗangora

Ɗan acaɓa ya sauke ni ƙarfe bakwai saura kaɗan. Na sha koko da ƙosai kafin mota ta cika. Mu huɗu aka cusa a baya, ni a tsakiyar wasu ƙattai biyu. Na ce, “Direba, numfashi fa?” Ya ce, “Malam, idan mota ta girgiza kowa zai sami wurinsa.”

Ta kuwa girgiza. Ina cikin sauraron Baba, na kusa da ni ya jingino a ƙirjina, sai kunnen hedifon na hagu ya yi tsit, na dama ya koma ƙara kamar ana soya gyaɗa. Na yi salati a zuciyata.

Tudun Wada

Ƙarfe takwas da rabi na sauka, aka nuna mini rumfar Sule mai gyaran rediyo. Ya murza wuyan igiyar, daidai inda take shiga rediyon, ya ce, “Nan ne. Kullum nan ne. Sun yi mata kai miƙaƙƙe, ba su sa komai ya tallafi wuyan ba, zaren ciki kuma kamar gashin jariri. Wanda ya ƙera ta bai taɓa zama mutum huɗu a baya ba.”

Ya yanke kan, ya sa mata wani mai lanƙwasa, ya liƙe da dalma, ya zare sifirin ɗin biro ya naɗa mata a wuya. Don gwaji ya haɗa rediyon da amfilifayarsa, na'urar ƙara sauti. Muryar ta fito da kauri kamar ta limamin Juma'a. Ya ce, “Kowace amfilifaya da irin gishirinta. Wannan kauri take ƙarawa, ta danne siraran sautuka.” Na ji, amma ban riƙe ba.

Doguwa

Na shiga wata motar, muka tsaya a shingen jami'an tsaro a bakin dajin Falgore, suka leƙa, suka yi mana fatan sauka lafiya. Ana kiran azahar na yi sallama a gidan Gwaggo. Sai da na ci tuwon masara miyar kuɓewa kafin ta bari a yi wata magana.

Ɗanta Habibu, wanda ke ba da hayar kayan sauti a wajen wa'azi da walima, ya ce, “Yaya, kunnen Inna sai da amfilifaya, wannan abin wasan yara ne.” Ya kafa lasifika a tsakar gida, maƙwabta suka taru. Murya ta cika gidan, har kwanukan kan kabad suna rawa. Gwaggo ta saurari baiti uku, ta ɗaga hannu.

“Wannan malamin ya iya waƙa, amma ba Idi ba ne. An cuce ka, ɗan nan.”

Sai maganar Sule ta faɗo mini. Na zare rediyon, na durƙusa, na kifa mata hedifon a kan ɗankwalinta, na ƙure ƙarar. Mu ba ma jin komai, fuskarta kawai muke kallo. Can sai ta dafe igiyar da hannu biyu kamar za a ƙwace.

“Ga fiton nan!” ta ce da ƙarfi, don ba ta jin kanta. “Duk inda ya ce sin, sai iska ta fita ta giɓinsa. Ni na fasa masa haƙorin da muciya, ya tsoma mini hannu a tukunya!”

Ta yi dariya har hawaye suka zubo, daga nan ta ci gaba da sauraro har waƙar ta ƙare. Ta ce, “Mayar da shi farko.” Habibu ya naɗe wayoyinsa.

Komawa

Na kwana, da hantsi na kamo hanya, ana la'asar na shiga Bebeji, aljihu babu rediyo, wuya babu hedifon. Gwaggo ta ce Idi ya zo ke nan, ba inda za shi. Ni ina da takardun ajaminsa, sun ishe ni. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, ya kuma saka wa Sule da alheri, shi da sifirin ɗin bironsa.