Ranar da Baba ya fita daga layi

Warin alkol, ruwan goge wurin allura, ne ya tarbe mu tun daga ƙofar asibitin kampani, gauraye da ƙamshin shayin da direbobi ke dafawa a gindin katanga. Lokacin ɗari ne a Arlit, ina ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, kuma ni na jawo Baba wurin bayan na yi mako guda ina roƙonsa. Shekara biyu ke nan yana fama da wani busasshen tari, malaminmu na kimiyya kuwa ya ce mura tana iya kai mai raunin ƙirji kushewa. Allurar rigakafi ɗaya nake so a yi masa, shi ke nan.

Kowa a garinmu da yadda ya ɗauki allurar nan. Ma'aikatan biro, masu zaman ofis, sun yi tasu tun da sassafe. Masu shiga ramin ma'adini suna layi da kati a hannu, suna cewa wanda ya saba sauka cikin ƙasa ba ya tsoron tsinke. Masu lambu ko leƙowa ba su yi ba, don a wurinsu ruwan asuba ke kawo mura, citta da kanumfari ke korar ta. Direbobi kuwa, abokan aikin Baba, sun ce dantse yana sagewa kwana biyu, hanyar Agadas kuma ba ta mai hannu ɗaya ba ce.

"Alhaji, ɗiya ce ta riƙo ka kamar ɗan yaye?" in ji ɗaya daga cikinsu.

"Ku bari ta zama lokotoro," in ji Baba, yana nufin likita, "da kunne za ta jawo ku."

A cikinsu akwai amininsa, wani makiyayi daga Gugaram da ya kawo cuku kasuwa. Ya gyara rawaninsa ya ce da gurguwar Hausarsa, "Yarinya ya yi gaskiya. Ni kowane shekara ina kai awaki da raƙuma a yi musu."

"To ku fa, Kawu?" na tambaye shi.

"Ni mai garke ne. Wa zai kora ni?"

Aka yi dariya, har da ni. Baba ya shiga layi, na tsaya kusa da shi ina kallon inuwarmu a bango, tasa doguwa, tawa ta jingina da ita. Duk lokacin da tari ya taso masa sai ya danne shi da bakin mayafi har idanunsa su yi ruwa. Da ya rage mutum biyu a gabansa, labulen ɗakin allura ya ɗaga, ya leƙa ciki. Sai ya mayar da katinsa aljihu.

"Mu tahi gida, uwata."

"Baba, saura mutum biyu fa."

"Gobe ina da hanya. Na ce mu tahi."

Bai taɓa yi mini magana da wannan murya ba. Muka wuce ta gaban direbobin, babu wanda ya tsokane shi. Kwana uku ina ajiye masa abinci ba na ɗaga ido. A raina ina cewa ya zaɓi zancen gindin katanga ya bar nawa, kuma karatun da yake alfahari da shi a gaban mutane bai kai darajar kofin shayi ba a wurinsa.

Bayan wata guda mura ta shigo unguwarmu, ta bi gida-gida. Mu ta yi mana kwana huɗu ta wuce. Shi kuwa ta sauka masa a ƙirji, ya yi kwana ashirin kwance, numfashinsa kamar ana jan zarto. Inna ta yi kuka a kan a kai shi asibitin kampani, ya ƙi. Da ya tashi, rigunansa duk sun yi masa yawa, amma ya koma mota. Yana tuƙi har na rubuta jarrabawa na ci. Ɗarin da ya biyo baya mura ta dawo, wannan karon bai tashi ba.

Na daɗe ina yi masa addu'a da ɗan sauran fushi a ƙarƙashinta, ina jin kunyar Allah a kan haka.

Sai bayan shekaru, a wajen wani suna a Agadas, na zauna tabarma ɗaya da matar da ke yin allura a ɗakin nan, ta riga ta bar aiki. Da na faɗa mata ko ɗiyar wa ce ni, ta yi masa addu'a, sannan ta ce a waccan shekarar likita yana saurarar ƙirjin kowane direba kafin a soka masa allura. Wanda aka ji ƙara a ƙirjinsa sai a tura shi ɗaukar hoton ƙirji, a sauke shi daga mota, iyalinsa su bar gidan kampani, irin wanda muke ciki a lokacin, su koma ƙauye, ko da ƴaƴansa suna tsakiyar shekarar karatu.