Azahar ɗin da aka haife ni

Har yau in kiran sallar azahar ya haɗu da hon ɗin motocin haya na gbaka a unguwar Adjamé, Gwaggo nake tunawa, yayar Baba. Ba da alheri ba kuwa.

An haife ni a asibitin haihuwa a Treichville ranar da Kaka, tsohon dillalin shanu, ya cika a gidanmu na Adjamé. Ruwan damina ake zubawa, Baba yana cikin mota a kan gada zai tafi wurin mahaifinsa. Gwaggo ta ce ladan na buɗe baki na faɗo, Kaka kuma ya tafi. Lokaci guda, daidai da daidai. Daga nan na zama mai farar ƙafa.

Kada ku ɗauka wasa ne. Gidanmu ba ya rabuwa da jarirai, ga ƙamshin turaren wuta da kunun kanwa na masu jego, amma ban taɓa ɗaukar ko ɗaya ba. Ina miƙa hannu Gwaggo za ta ce, "Ke! Janye. Kin cinye mana uba, bai ishe ki ba?" Mama sai ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tankaɗe.

Ina ajin ƙarshe a lise, wato sakandare, malamin kimiyya ya zana jirgin ƙasa a allo, tsawa ta faɗi a gabansa da bayansa. Ya ce wanda ke tsaye a tasha zai rantse tare suka faɗi, na cikin jirgin kuwa a wurinsa ta gaba ce ta riga, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. "Lokaci guda" ya danganta da tafiyar mai kallo. Na tuna Baba a kan gada. Na ɗaga hannu. Malam ya yi dariya, ya ce a gudun mota bambancin bai kai a ji shi ba ko kusa. Amma ya ƙara wata magana da ta zauna mini: in abu biyu sun faru nesa da juna a lokaci guda, ɗaya ba zai zama sanadin ɗayan ba, don ko haske sai ya ɗauki lokaci kafin ya ƙetare.

Ko kayan makaranta ban cire ba na sami Gwaggo tana gyaran kifi.

"Gwaggo, lokaci guda kika ce?"

"Ko ƙiftawar ido babu."

"To ba ni ba ce. Ko haske bai isa ya taso daga Treichville ya iske Kaka ba, balle jaririya."

Ta ajiye wuƙa.

"Ai kin riga shi," ta ce. "Da kamar minti biyar."

Shekara goma sha takwas tana rantsuwa da Allah, ta sauya a zama ɗaya. Ranar na gane ba agogo ba ne ya haɗa mu faɗa.

Yanzu kowa da waya a hannu, haihuwa da mutuwa duk da mintinsu a rubuce, amma ban ga abin da hakan ya rage wa irinta ba. Bara autarta ta haihu a Belleville. Na shiga da sallama, na wuce ta gaban Gwaggo, na ɗauki yaron. Ban tambayi kowa ba. Yana nan, har ya fara tafiya.